Kafin Ka Kai Motarka Fenti, Fara Biyan Kuɗin Ɓare Tsohuwar Ledar Jikinta

Duk wanda ya taɓa sauya ledar sikirin ɗin wayarsa ya san ba a manna sabuwa a kan tsohuwa. Ko yaron da ya fara koyon aiki jiya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, zai fara ɓare tsohuwar, ya goge gam ɗin da ta bari, ya bi da ƙyalle har sai fuskar wayar ta yi fes, sannan ya ɗora sabuwa. Idan ya yi sakaci ya bar ƙwayar ƙura ɗaya, kai da kanka za ka nuna masa kumfar iskar da ta taso, ka ce sai ya sake.

Abin mamaki, mutumin da ba zai yarda da kumfa ɗaya a fuskar wayarsa ba, shi ne zai kai motar da ta ninka kuɗin wayar sau da yawa gareji, a ce masa za a fesa fenti a kan tsohuwar leda, ko a babbake ledar da wuta, ya ce to, ya juya ya tafi.

Maganar ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Matasa da dama da suka fara sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram yanzu sun kai matakin sayen ƙaramar bas ko motar ɗaukar kaya domin kai wa abokan ciniki saƙo. Yawancin waɗannan motoci na hannu ne. Wasu sun zo daga Turai da sunan kamfanin da ya yi aiki da su manne a jiki, wasu an lulluɓe su da ledar talla a nan gida, wasu kuma ragowar yaƙin neman zaɓe ne. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: ɓare tsohuwar leda shi ne rabin aikin fenti, aiki ne mai zaman kansa da ya kamata a yi cinikinsa daban a biya shi daban. Wanda ya tsallake shi zai biya kuɗin fenti sau biyu.

Abin da ya faru da ƙanena

Ɗan baffana yana sayar da kayan kicin ta intanet. Da kasuwa ta ɗan buɗe masa sai ya sayi tsohuwar Hiace wadda aka yi yawon kamfe da ita a zaɓen 2023. Tun daga goshi har ƙofar baya a naɗe take da leda mai hoton ɗan takara, kuma tun da aka gama zaɓe take ajiye a fili, rana da ruwa duk a kanta. Ledar ta koɗe, saman rufin ya tsattsage. Shi dai fara yake so, ya rubuta sunan kasuwancinsa da lambar waya a ƙofa.

Mai fentin da ya kai wa ya zagaya motar, ya sa farce ya ɗan ja gefen ledar, ta karye masa a hannu. Sai ya ce, "Alhaji, wannan in ka ce sai an cire ta duka, sati za mu yi a kanta. Inda ta ɗago mu kankare, inda ta kama mu bi da samfefa mu fesa kawai. Ita ledar ma ai ƙarin kariya ce." Ƙanena ya ji maganar sauƙi da araha, ya amince.

Ranar da ya ɗauko motar har hoto ya turo mini, tana ta ƙyalli. Damina ba ta ƙare ba saman rufin ya fara darewa kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Gefen ƙofofi ya ɗago, ruwa ya shiga. Idan hasken yamma ya bugi gefen motar, kana iya ganin layin da aka haɗa ledar a ƙarƙashin farin fentin. Da ya koma wani garejin, aikin ya ninka wahala, domin yanzu sai an cire sabon fenti da tsohuwar leda da gam a tare. Abin da ya ce mini shi ne, "Yaya, kuɗin bai fi ba ni haushi ba kamar kwanakin da mota ta yi a ajiye, ina hayar Keke ina kai kaya."

Wace irin leda ce a jikin motar?

Mu kan kira su duka da sitika ko leda, amma iri-iri ne, kuma sanin wadda ke jikin motarka shi ne matakin farko.

Akwai ledar kariya mai garai-garai, wadda masu sayarwa ke kira PPF. Ana yin ta da wata roba mai suna TPU, kaurinta ya kan kai maikiron 150 zuwa 200. Asalinta aikin soja ne: kamfanin 3M ya samar da irinta domin kare farfelar jirage masu saukar ungulu na sojojin Amurka daga yashi da tsakuwa a zamanin yaƙin Biyetnam. Daga can ta shigo duniyar motoci, ta kuma shigo aljihunmu. Kamfanin ZAGG na Amurka ya fara sayar da ledar kariyar na'urori mai suna InvisibleShield a 2005 daga irin wannan leda. Ledar nan mai laushi da ake yanka maka da inji daidai girman wayarka a kasuwa, yawancinta 'yar gidan ce.

Sai ledar ado da talla, wadda ake buga hoto ko rubutu a kanta. Ita da robar PVC ake yin ta, kuma aji biyu ce. Mai tsadar ana zuba ta ne tana ruwa-ruwa a bar ta ta bushe, ta fito siririya, kusan maikiron 50, tana bin lanƙwasar mota ba ta cika tsukewa ba. Mai arahar kuwa murza ta ake yi tsakanin manyan rololi masu zafi, ta fi kauri, kuma da ta sha rana sai ta fara komawa yadda take, tana janyewa daga gefe tana barin baƙin layin gam. An yi ta ne domin allon talla mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da aikin ɗan lokaci. Motar da aka naɗe cikin gaggawa saboda kamfe, da wuya a ce mai tsadar aka sa mata.

Ta uku ita ce farar ledar da masana'anta ke manna wa sabuwar mota a bonet da rufi saboda tafiyar jirgin ruwa. 'Yan watanni aka ƙayyade mata. Amma ka san halinmu, yadda muke barin ledar kujera da ta bayan waya don a san sabuwa ce, haka wasu ke barin wannan har ta zama ɗaya da fenti.

Abin da rana ke yi mata

Robar PVC a asalinta mai tauri ce, irin ta bututun ruwa. Abin da ke sa ta zama leda mai laushi wani sinadari ne da ake cakuɗa mata. Zafi yana fitar da wannan sinadari a hankali, hasken rana kuma yana kakkarya ita kanta robar. Ka tuna bokitin roba da aka manta a tsakar gida shekara biyu, yadda yake farfashewa da an ɗaga shi. Haka leda ke zama.

Shi kuwa gam ɗin da ke ƙasanta akasin haka yake yi: yana ƙara kama fenti yana ƙara bushewa. Wato ledar tana raguwa da ƙarfi, abin da ke riƙe da ita yana ƙaruwa da ƙarfi. Shi ya sa ledar shekara ɗaya za ta fito falle guda, ta shekara biyar kuma ta riƙa fitowa kamar ɓawon gyaɗa, ta bar gam a baya.

Kamfanonin da ke yin ta sun san da haka. Shekarun da ake rubutawa a takardar bayanin ledar kamfanoni irin su Avery Dennison da Orafol an auna su ne da yanayin tsakiyar Turai, kuma a jikin da ke tsaye kamar ƙofa. Su da kansu suna rage adadin ga ƙasashe masu zafin rana, suna kuma ƙara ragewa ga wuraren da ke kallon sama, wato rufi da bonet. Garin da zafinsa ke kai digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu tana gogar mota wata da watanni, ba zai ci moriyar shekarun da aka rubuta domin Jamus ba. Idan mai manna maka ya ce "wannan shekara bakwai take yi", tambaye shi: a wace ƙasa?

Bidiyon daƙiƙa talatin

Da yawanmu a TikTok da YouTube muka fara ganin wannan aiki. Mutum ya ɗaga gefe, ya ja, leda ta taho santal, fenti ya fito yana sheƙi. Abin da daɗin kallo, shi ya sa ake ta turawa. Sai dai irin wannan bidiyo ba ya gaya maka shekarun ledar, ko ajinta, ko a inuwar gareji motar take kwana. Sau da yawa an ƙara masa sauri, an kuma yanke wurin da aka tsaya goge gam, domin ba mai son kallon mutum yana goge ƙofa ɗaya tsawon awa.

Illar hakan biyu ce. Mai mota ya kan ɗauka aikin minti goma ne, don haka idan aka ce ya biya kuɗin cirewa sai ya ga cuta ce. Wanda kuma ya ce zai yi da kansa, da ya ga tasa ledar ba ta fita kamar ta bidiyo, sai ya koma neman gajeriyar hanya, a nan ne zai haɗu da masu cewa a zuba fetur ko a haska mata wutar gas. Ka kalli bidiyo ka koyi yadda ake riƙe hannu, babu laifi. Amma tsawon lokacin da aikin zai ci, motarka ce kaɗai za ta gaya maka, bayan an gwada cire faɗin tafin hannu a rufi da kuma a ƙofa.

"Ai fenti za a sake, mene ne na lallaɓawa?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu gajeriyar hanya ke kawowa, kuma ta cancanci amsa. Suna cewa tunda tsohon fentin zai shige ƙasa, ko an karce shi ko an ƙona shi duk ɗaya ne.

Fentin masana'anta hawa-hawa ne. Ana wanke gangar motar a sinadarin da ke hana tsatsa, sannan a tsoma ta gaba ɗaya a cikin tafkin fentin shimfiɗa a sakar mata lantarki, fentin ya shiga kowane lungu ya kama ƙarfen. Bayan nan a sa wani shimfiɗin, a sa launi, a yawancin motoci a rufe da mai ƙyalli, a gasa a tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 140 ko fiye. Duka waɗannan hawa idan an haɗa ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kusan kaurin takardar da ake buga rubutu a kanta. Babu garejin bakin titi da zai iya maimaita wancan tsomawa da gashi. Saboda haka mafi kyawun gadon da sabon fenti zai kwanta a kai shi ne lafiyayyen fentin masana'anta da aka ɗan goge da samfefa. Duk inda reza ta yanka har ƙarfe, an buɗe wa tsatsa ƙofa, kuma sai an cike wurin da fila.

Fesawa a kan leda kuwa ta fi muni. Sabon fentin ledar ya kama, ita kuma tsohon gam ne ke riƙe da ita, wato ƙarfin fentinka bai wuce ƙarfin gam ɗin da ya riga ya gaji ba. Tinar da ke cikin fenti tana ratsa tsagun ledar ta jiƙa gam ɗin, wuri ya yamutse. Ledar tana ci gaba da tsukewa a rana, tana jan fentin da ke kanta har ya tsage. Sannan duk abin da ke ɓoye a ƙasa, tsatsa ce ko tsohon gyaran haɗari, an binne shi ba a gani ba.

Ina yarda cewa akwai motar da ba a iya ceton fentinta. Idan an taɓa yi mata fentin araha kafin a manna leda, to ledar za ta taho da shi komai lallaɓawarka, dole a goge har ƙasa. Amma ko a nan sai leda da gam sun fita tukuna, domin gam yana toshe samfefa nan take, zafin gugar kuma ya narkar da shi ya shafe ko'ina.

Yadda aikin ya kamata ya kasance

A fara da wanke motar, saboda ƙurar da ke kanta ita ce ke zama yashin da zai karce fenti.

Sai zafi, amma daidai gwargwado. Abin da ake nema shi ne ledar ta kai wajen digiri 50 zuwa 60, ta yi laushi gam ya saki. A wajenmu rana kan yi rabin wannan aiki kyauta, idan aka ajiye motar a fili da hantsi. Inda ake buƙatar ƙari sai a yi amfani da na'urar hura iska mai zafi, a sa ta a ƙaramin mataki, ana kaɗa ta ba a tsayawa wuri ɗaya, domin a babban mataki tana iya kai digiri 500 ko fiye. Injin tururi ya fi aminci ga tsohuwar leda, tunda zafinsa ba ya wuce na tafasasshen ruwa sosai, kuma yana ratsa wuri mai faɗi. Masu gyaran waya su lura: bulowar da kuke narkar da dalma da ita bakinta siriri ne, tana tara zafi a ɗigo ɗaya, za ta ƙona fenti kafin ta saki leda.

A ɗaga gefe da abin kankara na roba. Tsohon katin ATM ko katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa yana yi. A ja a hankali da hannu biyu, hannun yana kusa da jikin motar, kada a fizga waje. Ledar da kanta za ta gaya maka halin da ake ciki: idan tana karyewa, zafi bai isa ba, idan tana miƙewa kamar cingam tana barin gam duka a baya, zafi ya yi yawa.

Inda ta riga ta tsattsage ba ta jawuwa, akwai faifan roba da ake ɗaura wa injin huda, yana goge leda kamar yadda abin goge fensir ke goge rubutu. Kamfanin 3M ya ƙayyade wa nasa juyi 4,000 a minti a matsayin iyaka, ya kuma ce wajen 2,000 ya fi aiki. Ba a sa shi a bamba ko wani sashe na roba, zai narkar da shi.

Ragowar gam a jiƙa shi da maganin cire gam, irin wanda ake yi da man ɓawon lemo, a bar shi 'yan mintoci ya yi laushi, a kwashe da katin roba. Sannan a bi da sinadarin nan na isofurofil da masu gyaran waya ke wanke allon waya da shi. Kowane magani a fara gwada shi a ɓoyayyen wuri, kamar cikin bakin ƙofa. A ƙarshe a sake wanke motar da abin cire maiƙo, domin ɗigon mai ko kakin goge mota da ya rage shi ke sa sabon fenti ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi. Sai bayan duk wannan samfefa za ta taɓa motar.

Akwai ƙananan na'urori da ke sauƙaƙa wa mai mota sa ido. Na'urar auna zafi daga nesa, ta masu aikin hannu, ba ta goshi da aka yi yayi lokacin korona ba, za ta nuna maka zafin ƙofa nan take. Na'urar auna kaurin fenti tana ba da lamba a maikiron, wasu ma suna tura sakamakon zuwa waya ta Bluetooth. Inda lambar ta yi tsalle ta ninka ta sauran jiki sau da yawa, akwai fila ko tsohon gyara. Idan ba ka da ita, naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin ƙarfen, inda ya ƙi kamawa sosai ka sa alamar tambaya. Fitilar wayarka ma ma'aikaciya ce: da yamma ka kwantar da haskenta a gefen ƙofa, duk gam ɗin da ya rage zai fito.

Wuta da fetur: wa ke shaƙa?

Wannan ɓangaren ya wuce maganar kuɗi. Idan PVC ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai ɗauke da iskar da ke zama asid da zarar ta haɗu da danshin ido, maƙogwaro ko huhu. Gefen motar ɗaukar kaya kuma falle ne mai faɗi wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, harshen wuta yana iya lanƙwasa shi ya yi tudu da kwari, ga wayoyin lantarki da robobi a bayansa.

Fetur kuwa tururinsa yana kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Kano ko Maraɗi. Ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi ta ƙarƙashin mota. Cikin na'urar hura zafi akwai waya da ke yin ja wur. Haɗa su a wuri ɗaya neman gobara ne. Ban da haka, fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga masu yawan mu'amala da shi.

Wa ke yin wannan aiki a yawancin garejinmu? Ba maigida ba ne. Yaran da ke koyon sana'a ne, sa'o'in ƙannenmu, da tsumma a hannu ba safa, ba takunkumi. Duk lokacin da mai mota ya ƙi biyan kuɗin cirewa ya kuma ce gobe yake son motarsa, to ya zaɓa wa yaron nan fetur da wuta, ko da bai furta ba.

Mu ma masu mota da laifinmu

Yana da sauƙi a zagi mai fenti, amma a yi masa adalci. Idan ya faɗi gaskiya cewa cire ledar zai ci kwana uku kuma ga kuɗinsa, sau da yawa mai mota zai tafi garejin gaba inda za a ce masa ba sai an cire ba. Kasuwar da ke hukunta mai gaskiya ita ke koya wa mutane ha'inci. Araha ba ta ado.

Shawarata ita ce a raba cinikin gida biyu. Na farko: cire leda da gam, da wanki. A tsaya nan. Ka zo da kanka ka duba, ko a turo maka bidiyon kowane gefe ta WhatsApp a cikin hasken rana. Sai a yi ciniki na biyu bisa abin da aka gani. Wani lokaci za ka tarar fentin ƙasa lafiya lau yake, har ya fi na wuraren da ba a rufe ba, domin ledar ta tare masa rana. A nan gogewa da man ƙyalli na iya wadatarwa, ka tsira da kuɗin fentin gaba ɗaya. Wani lokaci inuwar tsohon rubutu za ta rage, saboda kewayensa ya koɗe shi bai koɗe ba, sai a goge sama-sama a fesa. Wani lokaci kuma za ka ga aikin mai gyaran bodi ne ke jiranka. Ko wanne ne, gara ka sani kafin a buɗe gwangwanin fenti. Mai fentin da ya yanke maka farashi ɗaya tun bai ga abin da ke ƙarƙashin leda ba, ko dai canka yake yi, ko bai yi niyyar dubawa ba.

Wannan ya shafi mai shirin saye ma. Motar da ke naɗe da leda, jikinta a rufe yake. Ka sa kuɗin cirewa a lissafinka, ka kuma nemi ragi a kansa.

Bayan an yi sabon fenti, kada ka yi saurin manna sabon talla. Fentin gareji yana ɗaukar makonni yana fitar da tina. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a jira aƙalla kwana 30, wani fentin ma fiye. Idan kuma launin motar ka sauya, tuna cewa launi yana rubuce a takardunta, sai ka je a gyara kafin a tare ka a hanya.

Tun ran gini ran zane

Duk wannan wahala ana iya rage ta tun ranar da ake manna ledar. Tambayi sunan kamfanin da ya yi ta da lambarta, a rubuta maka a rasit tare da kwanan wata. Ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a rufe ta. Sa wa kanka tunatarwa a kalandar waya duk wata shida ka hau ka duba rufi. Da ka ga launi ya fara dusashewa, gefe ya fara janyewa, ko ƙananan tsagu sun bayyana, lokacin cirewa ya yi, tun tana fita falle-falle. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan sunan kasuwanci da lambar waya kawai kake son nunawa, ƙaramin rubutu a ƙofa ko allon maganaɗisu da ake ɗorawa a cire ya ishe ka.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma za a sake neman motocin da za a naɗe. Idan an zo maka da tayin, ka sa kuɗin cirewa a cikin cinikin, ka karɓe shi tun kafin a manna, domin bayan an sanar da sakamako ba lallai ka sake samun mai ɗaga maka waya ba.

Ga matasan da suka iya ɗaga sikirin ɗin waya ba tare da sun fasa shi ba kuwa, ga sana'a nan tana jira. Sanin yawan zafin da gam ke buƙata, da haƙurin ja a hankali, su ne jarin aikin, kuma kun riga kun mallake su. Motocin da ke yawo da koɗaɗɗiyar leda a titunanmu ba kaɗan ba ne, kowace kuma wata rana sai an ɓare ta.

Motar ƙanena yanzu fara ce sol, da sunan kasuwancinsa a ƙofa cikin ƙananan haruffa. Ya ajiye hoton rasit ɗin mai rubutun a wayarsa, da kwanan watan da aka manna.